Rayyis Gaballa Ba Ya Ƙirga Nasa

Da zarar baƙi sun faɗa ruwa, kowa a jirginmu mai suna Nawal yakan sami sararin miƙe ƙafa, ban da mai jirgin. Amm Shahat mai girki yakan rage wutar shinkafa, ya jingina da ƙofar kicin ya kunna taba. Sobhi makanike ya kwanta a inuwa ya rufe fuska da hula. Ni kuma ina cikin kwale-kwalen roba da ke ɗaure a bayan jirgi, injina a kashe, ina jiran a ce in je in ɗauko wanda ya ɓullo nesa. Amma mai jirgin, Rayyis Gaballa, kamar yadda muke kiran shugaban jirgi, ba ya zama. Daga goshin jirgi zuwa bayansa, daga ƙasa zuwa bene, ƙafa ba takalmi, hannu ɗaya a goshi yana kare rana, idonsa na bin kumfar da masu nutso ke turowa sama. In kumfar ta rabu biyu sai ya tsaya ya yi tsaki. In ta haɗe sai ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Shayin da aka zuba masa a nan yake hucewa inda aka ajiye shi.

"Ya Rayyis, za ka cinye katakon jirgin nan da ƙafarka," in ji Amm Shahat.

"Katakona ne."

"To ka rage mana inda za mu taka."

"Kai dai ji da shinkafarka, jiya ta kama."

"Ba kamawa ta yi ba, ɗanɗano na ƙara mata."

Haifaffen Ƙusair ne, garinmu na bakin teku, daga unguwar masunta. A jirgin kamun kifin mahaifinsa ya tashi, ya san tudun murjanin da ke yankinmu tun kafin ya san hanyar makaranta. Da Turawa suka fara zuwa don su ga abin da ke ƙarƙashin Bahar Maliya, sai ya ajiye raga ya koma jigilarsu, har Allah ya ba shi nasa jirgin ya sa masa sunan 'yarsa ta fari. Shi kansa bai taɓa goya tukunyar iska ya nutsa ba. Yakan ce abin da ya gani a cikin raga ya ishe shi. Gajere ne, mai kaurin wuya, gashin gira ya fara fari, kuma ba ya iya cin abinci ya gama a wuri ɗaya. A ɗaurin auren Nawal ma, an ce liman na tsakiyar huɗuba aka gan shi a ƙofa yana duban sama, yana auna iskar gobe.

Akwai abu ɗaya da ba ya yi, wato ƙirga nasa. In ka tambaye shi 'ya'yansa nawa, sai ya ce suna nan cikin albarka. In ka tambaye shi ma'aikata nawa ne a jirginsa, amsar ke nan. Dattawanmu da yawa haka suke, suna tsoron kambun baka, amma nasa ya fi na kowa tsauri. Wannan hali ne ya kusa raba shi da ɗansa Karam.

Shi ya ba ni labarin mafarin abin da bakinsa, wata rana muna fenti an ɗora jirgi a tudu. Ya ce suna yara, sun kewaye akushi shi da 'yan'uwansa, wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, ta tsaya ta nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi, ba ta ce masha Allah ba. Watan bai ƙare ba zazzaɓi ya ɗauke autansu.

"Ban ce ita ta kashe shi ba, ya Ragab," ya ce da ni, burushi a hannunsa yana ɗiga. "Mai abu ne ya karɓi abinsa. Amma tun daga ranar ba a ƙara ƙirga mutum a gidanmu ba, ni ma bakina ya ƙi."

Baƙi kuwa, ƙirga su yake kamar ba gobe. A bakin tsani, a wajen cin abinci, kafin a kwance igiya, bayan an kwance. Na taɓa tambayarsa me ya sa su ba ya ji musu tsoron ido. Ya ce su ba su san ido ba, shi ma idon bai san su ba, kuma su amana ne, sai ya mayar da su yadda ya karɓo su.

Madam Nermin, 'yar Iskandariya da ke riƙe da ofishin da ke turo mana baƙi, ita ta kawo mana allo mai ƙusoshi layi biyu da wasu 'yan tagulla masu lamba. Kowa da tagullarsa. In za ka shiga ruwa ka mayar da ita layin ƙasa, in ka fito ka maido ta sama da hannunka, kuma jirgi ba ya motsi muddin akwai tagulla a ƙasa. Rayyis ya ji daɗin allon, ya kafa shi da kansa kusa da tsani. Sai ta miƙo masa wasu a cikin leda.

"Waɗannan na ma'aikata ne, ya Rayyis. Kai lamba ɗaya, Karam lamba biyu..."

"Tsaya, tsaya, ya Madam. Allah ya ƙara albarka." Ya karɓe ledar da sauri kafin ta kai na uku.

"Ruwa bai san ɗan gida ba fa."

"Ni na san su. Wa zai ɓace mini a jirgin da bai kai tsakar gidanmu girma ba?"

Ta tafi tana cewa za ta dawo ta duba. Shi kuma ya juye tagullanmu cikin wani tsohon gwangwanin ganyen shayi, ya ɗora a kan kantar da ke saman sitiyari, aka manta da su.

Karam shi ne mai jagorar baƙi a ƙarƙashin ruwa. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo. Duk rashin zaman ubansa bai ɗauko ko kaɗan ba, shi ko a kan buhun albasa zai iya barci. Mahaifiyarsa ƙanwar Rayyis Mitwalli ce, mai wani jirgin irin namu, don haka jiragen biyu kamar gida ɗaya suke. In mun haɗu a wuri ɗaya muka ɗaure tare, sai a yi ta tsallakawa, wannan ya zo aron gishiri, wancan ya je shan shayi. Sau da yawa mutum ya fita a jirgi ɗaya ya koma gida a ɗayan, ba mai tambaya, tunda tasha ɗaya za a sauka.

Ranar da abin ya faru Abu Ƙarn muka je, wani tudun murjani a tsakiyar ruwa, wanda daga can ba ka hango gaɓa sai duwatsu dishi-dishi. Ƙarfen ɗaure jirgi ɗaya ne a wurin, a ƙarƙashin ruwa, Rayyis Mitwalli kuma ya riga mu kama shi, sai muka ɗaura tamu igiyar a bayan jirginsa kamar yadda aka saba. Iskar arewa ta tashi tun da hantsi, ruwa ya yi fari-fari, Rayyis Gaballa bai ko kalli abincin rana ba.

Bayan azahar baƙi suka fito daga nutso na biyu. Rayyis yana tsaye a bakin tsani, kowa ya hau ya kama hannunsa, ya sa ido sai ya ga an maido tagulla sama. Layin ƙasa ya zama wayam. Ya ƙirga su, ya sake ƙirgawa, sannan ya hau bene don ya tayar da inji. Karam ne ya fito ƙarshe, bai ma sauke tukunyarsa ba aka kwaɗo masa kira daga ɗaya jirgin.

"Karam! Ɗan ƙanwata! Igiyarmu ta maƙale a murjani, yarana kuma duk sun tuɓe. Taimaki kawunka mana."

"Me za a ba ni?"

"Shayi da kek ɗin basbusa."

"Ta jiya?"

"Ta shekaranjiya ce. In ba ka so ka kai wa ubanka, haƙoransa sun fi naka ƙwari."

Karam ya yi dariya ya maido gilashi a ido. Jar balan-balan ɗin nan doguwa da kowane mai nutso ke hurawa in ya ɓullo nesa don a hango shi, tasa tana hannun wani baƙo da ya ara wa da safe. Bai tsaya karɓa ba, tunda aikin ɗan lokaci ne. Ya ce da Amm Shahat, "Gaya wa Yaba na tafi wajen Kawu," ya faɗa ruwa. Yaba yake ce wa ubansa.

Muka kwance igiyarmu muka ja baya don mu ba su fili. Ni na zagaya da kwale-kwale ina naɗe igiyar da muke sakewa a bayan jirgi don masu fitowa su kama, na wuce ta gaban jirgin Rayyis Mitwalli, na ɗaga musu hannu suka ɗaga mini. Na ga yaransa suna jan igiyarsu, ta sake. Na dawo na ɗaure kwale-kwale na hau.

Rayyis ya leƙo daga bene. "Ina Karam?"

"Yana wajen kawunsa," in ji Amm Shahat. "Basbusa ta ja shi."

"Cikinsa ne zai kashe shi." Ya juya sitiyari muka ɗauki hanyar gida, jirgin Mitwalli na biye da mu can baya.

A hanyar komawa ne kaɗai Rayyis ke zama. Yakan ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera, ya riƙe sitiyari da yatsa biyu, ya sha shayinsa da zafi. Ranar ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya kira Sobhi ya riƙe masa sitiyari, ya sauka ya kalli allo, tagulla duk suna sama. Ya bi baƙi yana ƙirgawa har wata tsohuwar Bajamushiya ta ɗaga masa hannu biyu tana dariya, wai ta miƙa wuya. Ya leƙa ɗakin inji. Ya buɗe bayi ya rufe. Ya dawo ya tsaya kusa da ni yana sosa wuya.

"Me ke cizonka yau, ya Rayyis?" Amm Shahat ya tambaya.

"Ban sani ba."

"To ka zauna, in ya gaji zai sake ka."

Mun yi nisa sosai, Abu Ƙarn ya daɗe da ɓacewa a bayanmu, sai ya ɗauki oba-oba. Na tabbata ba don wani zargi ya ɗauka ba, so yake ya tsokani surukinsa ko ƙirjinsa ya yi sauƙi.

"Mitwalli, Mitwalli, marowacin Ƙusair, kana jina?"

"Ina jinka, mai ƙaiƙayin ƙafa. An samu ka zauna?"

"Ka ba yarona abinci, ko ka bar shi da yunwa kamar yadda ka saba?"

"Wane yaro?"

"Yara nawa gare ni a ruwan nan? Karam mana."

Oba-oba ta yi ta ƙara ita kaɗai. Sannan muryar Mitwalli ta dawo, babu wasa a cikinta.

"Gaballa, Karam bai hau nan ba. Ya kwance mana igiya, muka ga Ragab ya zagayo da kwale-kwale. Ba shi ya ɗauke shi ba?"

Rayyis ya juyo ya dube ni. Na girgiza kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba, kamar an zare mata jini. Bai yi ihu ba. Ya murɗa sitiyari har ƙarshe, jirgi ya kwanta gefe guda, kwanuka suka zube a kicin, baƙi suka kama ƙarfe. Rana ta riga ta karkata, kuma kowa a cikinmu ya san in ta faɗi Karam yana ruwa, ba mai ganin kan mutum a cikin raƙuman ruwan nan sai dai wani ikon Allah.

Mitwalli ya sanar da tasha, aka ce jiragen da ke kusa duk sun shige, sai dai a tayar da wani daga can, kuma kafin ya iso duhu ya yi. Saura mu biyu. Rayyis ya sauka wajen baƙi ya haɗa 'yar Turancinsa da hannu ya gaya musu. Ba wanda ya yi gunaguni. Bajamushiyar nan ce ma ta jera su a bakin ƙarfe, kowa da ɓangaren da zai zuba wa ido. Baƙon da aka ara wa balan-balan ya ɗauko ta ya riƙe, ya kasa kallon kowa.

Tafiyar komawa ta yi mana tsawo. Rayyis ya hana Sobhi sakat, ƙara wuta, ƙara wuta, har Sobhi ya ce in ya ƙara injin zai tashi sama ya bar mu. Amm Shahat ya zauna a ƙofar kicin cikin shinkafar da ta zube, yana ta cewa, "Ni ya gaya wa. Ni na ce yana can." Rayyis ya wuce shi ya dawo, ya sake wucewa, sannan ya tsaya.

"Tashi, ya Shahat. Abin da aka gaya maka ka faɗa. Tashi ka ba ni ido, ba hawaye nake nema ba."

Muka iso Abu Ƙarn, ba kowa. Muka zagaye shi muna busa ƙaho, ko yana maƙale da murjani. Babu. Ruwa kawai ke fashewa a kan tudun yana komawa.

Mitwalli ya kira. "Mu bi iska kudu, Gaballa. Can za ta tura shi."

"Jirgi iska ke turawa. Shi kansa kawai ke waje, ruwa ne zai ja shi. Dakata."

"Ba mu da lokacin dakatawa!"

"Na ce ka dakata!"

Ya sa na kawo jarka, ya cika ta rabi da ruwa don ta nutse kamar mutum, ya toshe, ya jefa daidai inda ƙarfen yake. Muka tsaya muna kallonta. Ban san wani jira da ya fi wannan ɗaci ba, rana na sauka muna kallon jarka. Ta yi kamar ba za ta motsa ba, sannan ta zagaya ƙusurwar tudun ta kama gudu, ba kudu sosai ba, kudu maso yamma, daidai inda rana ta zuba haske a kan ruwa har ido ba ya iya buɗewa.

"Ga hanyarsa nan," in ji Rayyis. "Amma in muka bi shi ta baya, rana na idonmu, za mu taka shi ba mu gani ba. Mitwalli, ka bi ta hagu, ni ta dama. Mu wuce shi sosai, sannan mu juyo rana na bayanmu."

"In muka wuce ba mu kai inda yake ba fa?"

Rayyis ya ajiye oba-oba. Shi ma bai sani ba.

Ya bar wa Sobhi sitiyari ya hau rufin ɗakin tuƙi, inda ba ƙarfen riƙewa. Muka yi ta gudu cikin hasken nan mai makantarwa. Sau biyu wani baƙo ya yi ihu yana nuni, sau biyu ta zama leda ce ko kunkuru. Da ranar ta yi ja ta kusa taɓa duwatsu, Rayyis ya buga rufi da ƙafa, muka juyo. Yanzu ruwan ya yi duhu-duhu a gabanmu, ana ganin kowane tudu nasa, iska kuma na bugun fuskarmu.

"Kashe inji," ya ce. "Gaya wa Mitwalli shi ma ya kashe."

Jirgi ya yi tsit yana ta lilo. Sai a lokacin na lura da Rayyis. Yana tsaye a kan rufin nan, ƙafafu a buɗe, bai motsa ko yatsa ba. Tun da na san shi ban taɓa ganinsa tsaye cik ba sai ranar.

Ya cika ƙirji ya kira, "Karam!"

Iska ta maido masa muryarsa. Ya dube mu ya ɗaga hannu, muka gane. Mu da baƙi, har da mutanen Mitwalli daga can, muka haɗa baki muka kira sunan. Ya sauke hannu muka yi shiru. Ba komai sai ruwa na marin cikin jirgi. Muka sake. Muka sake. Muryar Amm Shahat ta dishe.

A wani shirun ne Rayyis ya karkata kai. Ni ban ji komai ba. Sannan na ji, siriri kamar kukan tsuntsu, iska ta kawo shi daga gabanmu.

"Yaba!"

Rayyis ya miƙa hannu yana nuni. Can nesa, tsakanin tudun ruwa biyu, wani abu rawaya ya ɗago ya ɓace, ya sake ɗagowa. Takalmin iyon Karam ne, ya cire ɗaya yana kaɗawa.

Ban san yadda Rayyis ya sauko daga rufin ba, na dai gan shi a cikin kwale-kwalena kafin in ja igiyar inji. Muka sami Karam ya jefar da dalmar ɗamararsa mai ja ƙasa, ya hura rigarsa yana shawagi, leɓɓansa sun tsage, jikinsa na rawa. Muka jawo shi ciki. Ya kwanta yana haki, ya dubi ubansa ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Yaba, Kawu ya cinye basbusar?"

Rayyis ya kama ƙeyarsa da hannu ɗaya ya riƙe gam, bai saki ba har muka isa tsani.

Daga baya Karam ya ba mu labari. Da igiyar ta sake, ruwa ya fizge shi ya zagaya da shi bayan tudun. Ko da ya ɓullo, bayan jirage biyu ya hango suna tafiya. Ya yi ihu, iska ta kwashe. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro ba ruwan ba ne, sanin da ya yi ne cewa kowane jirgi yana zaton yana ɗayan, kuma ba mai nemansa sai an isa tasha.

Umm Karam, mahaifiyarsa, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Washegari ta tara mijinta da yayanta a tsakar gida, Karam ya ce daga ɗaki yana jinta.

"Manyan rayyisai biyu. Ɗaya uba, ɗaya kawu. Baƙon da ba ku san uwarsa ba kun ƙirga shi kun sake ƙirgawa, nawa kuma kun bar wa kifi."

Mitwalli ya buɗe baki ta ce ya rufe. Shi Rayyis ya yi ta zagaye bishiyar lemon tsakar gidan har ta gama.

Ranar da muka koma aiki na riga kowa zuwa, amma na tarar da Rayyis a jirgi. Ya sauko da gwangwanin shayi ya juye tagullan a kan benci, yana goge lambobin da zarto ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙo mini ƙusa da guduma.

"Kai ka fi ni rubutu. Sa sunan kowa."

Na buga Karam, na buga Sobhi, na buga Shahat, na buga nawa. Saura ɗaya. Na dube shi.

"Me kake kallo? Ni ba mutum ba ne?"

Tun daga ranar, jirgin Nawal ba ya kwance igiya sai Rayyis ya tsaya a gaban allo ya kira sunan kowa, baƙo da ɗan gida, kuma sai ya ji muryar mai sunan ya ga fuskarsa. Wani ba ya amsa wa wani. In aka ce wane yana bayi, sai ya je ya buga ƙofa. In aka ce ya tsallaka jirgin Mitwalli, sai ya fito bakin ƙarfe ya ɗaga hannu ya amsa daga can. Ko igiya za ka shiga kwancewa, sai tagullarka ta sauka layin ƙasa, balan-balan kuma na ɗaure a ƙugunka. In ya gama da kowa, Amm Shahat ne ke leƙowa daga kicin da ludayi a hannu.

"Gaballa ɗan Hajiya Sakina!"

"Ga ni."

"Ban ji ba, ƙara murya."

"Ga ni, Allah ya ƙona maka shinkafa."

Madam Nermin ta zo ta ga allon. Ta taɓa tagullan da aka goge wa lamba, ta karanta sunayen, ba ta ce a canza ba. Da za ta sauka ta juyo tana murmushi.

"To yanzu ku nawa ne a jirgin, ya Rayyis?"

"Muna nan cikin albarka, ya Madam. In kina so in kira miki su."

Bai koyi zama ba har yau. Abin da ya ƙaru kawai shi ne, in yana bin kumfar baƙi da ido, yakan nemi wadda ke gaba, ta mai jagora, ya daɗe a kanta kafin ya wuce. Karam ya ce daga ƙasa yana hango inuwarsa a bakin jirgi tana kai da komo. Shayinsa kuwa yana nan yana hucewa a kan benci, Amm Shahat na zubarwa yana sake zuba wani.